Digirin Digirgir Aiki Ne, A Biya Mai Yin Sa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye wadda har yanzu ba mu ba ta haƙƙinta na tattaunawa ba, ko a zauren taro ko a gindin itatuwan da muke zaman hira. A ƙarshen shekarar 2024, Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, watau TETFund, ya ba da sanarwar cewa daga ranar 1 ga Janairu, 2025, ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malaman da za su tafi ƙasashen waje neman digiri na biyu da na uku. Dalilan da aka bayar biyu ne: tsadar kuɗin waje, da kuma halin waɗansu daga cikin waɗanda aka tura na yin zamansu can bayan sun gama. Ba a daɗe ba, cikin shekarar 2025, sai Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya soke shirin nan na tura ɗalibai karatu ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya a bisa yarjejeniya tsakanin gwamnatoci.

Gaskiya ɗaya ce, hukuma tana da hujja. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dalar Amurka a wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin da zai riƙe mutum guda a Ingila ya isa ya riƙe mutane da dama a gida. Har wa yau, a watan Yulin 2023 shugaban asusun, Sonny Echono, ya faɗa wa wani kwamiti na Majalisar Wakilai cewa mutum 137 daga cikin waɗanda aka tura sun ƙi dawowa. Babu mai hankalin da zai kare wannan hali, domin kuɗin jama'a ne aka ci, aka kuma karya alkawari.

To, amma abin da muke son mai karatu ya tsaya ya duba shi ne wannan: idan an rufe ƙofar waje, wace ƙofa aka buɗe a gida? Ra'ayinmu shi ne, digirin digirgir a fannin kimiyya da fasaha aiki ne kamar kowane aiki, kuma matuƙar ba a biyan mai yin sa, ba a kuma tanadar masa kayan aiki, to cewa "ku tsaya ku yi a gida" daidai yake da cewa "kada ku yi".

Bari mu fara da bambancin da ke tsakanin wannan digiri da wanda muke nema yanzu. Mu da muke karatun digiri na farko, abin da aka riga aka sani ake ba mu, mu haddace, mu fahimta, a jarraba mu. Shi kuwa mai neman digiri na uku, tura shi ake yi ya nemo abin da babu wanda ya sani, har malamin da ke duba aikinsa. Wannan nema ba a yin sa da alli da allo kaɗai. Mai binciken ƙwayoyin cuta yana bukatar sinadarai waɗanda galibinsu da kuɗin waje ake sayo su, da firji mai tsananin sanyi wanda idan wuta ta ɗauke na kwana biyu aikin shekara guda ya lalace. Mai binciken irin shuka sai ya ga damina uku ko huɗu kafin ya yi magana da ƙarfin gwiwa, kuma damina ba ta jiran kowa ya karɓi albashi. Mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya yi tafiye-tafiye, ya ɗebo samfur, ya biya kuɗin awo. Ƙwayar cutar da aka shuka a ɗakin gwaje-gwaje ba ta san Asabar da Lahadi ba, ba ta san mutum yana da ofis daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu ba.

Saboda haka idan aka ce ɗalibi shi zai biya kuɗin makaranta, shi zai sayi sinadarai, shi zai zuba wa janareta mai, sa'an nan shi zai ci da iyalinsa, abu uku ne kan faru, kuma duk mun gan su da idonmu. Na farko, sai mai hali ko wanda ya riga ya sami aikin koyarwa ne kawai zai iya shiga, ɗan talaka mai kaifin basira kuwa ya haƙura. Na biyu, aikin da ya kamata a gama cikin shekara uku ko huɗu sai ya yi ta jan ƙafa, har mai shi ya fara furfura. Na uku, wanda ya fi muni, sai a gudu daga bincike mai tsada a koma mai araha: a maimakon a auna, sai a raba takardar tambayoyi, a maimakon a ƙera, sai a tattaro abin da wasu suka rubuta. A ƙarshe a sami Dakta, a ɗaura rawani, a yi walima, amma ƙasa ba ta ƙaru da kome ba.

A ƙasashen da suka ci gaba ba haka abin yake ba, kuma ba don sun fi mu tausayin ɗalibai ba ne. A Holan da Suwidin, da jami'o'in Jamus da yawa, mai neman digirin digirgir a fannin kimiyya ma'aikaci ne, yana da takardar ɗaukar aiki da albashi da hutu. A Ingila, mafi ƙarancin alawus ɗin da hukumar bincike ta ƙasa ta yanke wa ɗalibanta a shekarar karatu ta 2025/2026 shi ne fam 20,780 a shekara, ban da kuɗin makaranta da ake biya musu. Yadda ake yi shi ne, farfesa ya rubuta tsarin binciken da yake so ya gudanar, ya yi takara da 'yan'uwansa, idan ya ci a ba shi kuɗi, a cikin kuɗin kuwa har da albashin ɗalibi ɗaya ko biyu. Daga nan sai a buga talla, kowa ya nema, a yi ganawa, a ɗauki wanda ya fi cancanta. Suna biya ne domin sun san hannun waɗannan matasa ne yake yin mafi yawan aikin da ake buga wa jami'a suna da shi.

A nan ne kuma gizo yake saƙar. Waɗannan tallace-tallace suna nan a intanet, kuma haziƙanmu suna karanta su. Watau rufe ƙofar gwamnati bai hana kowa tafiya ba. Abin da ya canja kawai shi ne, da mutum yakan tafi da kuɗin ƙasarsa, da sa hannu a kan zai dawo. Yanzu kuwa zai tafi da kuɗin wasu, ya yi bincike a kan matsalar wasu, babu kuma igiyar da za ta jawo shi gida. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Ba mu ne farkon waɗanda suka shiga irin wannan hali ba. A shekarun 1960 Koriya ta Kudu matalauciyar ƙasa ce, kuma ɗalibanta da suka tafi Amurka neman manyan digirori kaɗan ne suke komowa. Abin da ta yi shi ne, a 1971 ta kafa wata makarantar manyan digirori ta kimiyya, wadda a yau ake kira KAIST. Ta ɗauke wa ɗalibanta kuɗin makaranta, ta ba su alawus, ta kuma ɗauke musu aikin soja na dole, sa'an nan ta kira malamai 'yan ƙasa da ke waje ta ba su albashi mai tsoka da kayan aiki. Ba da wa'azin kishin ƙasa ta tsayar da 'ya'yanta ba, da tanadi ta tsayar da su. A yau ƙasar tana kashe fiye da kashi 4 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike. Mu kuwa, tun a 1980 shugabannin Afirka suka taru a Ikko suka amince da a riƙa kashe kashi 1 cikin 100, har yau Nijeriya ba ta kai ko rabin haka ba.

Kada wani ya ce ai mu ba za mu iya ba, domin shaida tana gabanmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T a watan Disamban 2019, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku tare da abokan aiki na waje. Wake ne da ke jure wa tsutsar nan mai huda kwanso, har manomin da yakan yi feshi sau shida ko takwas a damina ya koma yin sau biyu. A Zariya ɗin dai, Cibiyar Binciken Makamashi tana gudanar da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kuma 'yan ƙasa ne suke riƙe da ita. A Abuja, masana a cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, sun ɗauki wani haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi, suka tace shi suka gwada, ya zama maganin Niprisan na masu ciwon sikila. Ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Christian Happi, wanda ke garin Ede ta Jihar Osun, ya taimaka wajen tabbatar da shigowar cutar Ebola a 2014, shi ne kuma ya fara karanta tsarin halittar ƙwayar cutar korona a duk nahiyar Afirka a watan Maris na 2020.

Wannan ɗaki na Ede yana cikin cibiyoyi 22 da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2014, waɗanda 10 daga cikinsu a Nijeriya suke. Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikinsu, haka ma cibiyar binciken cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A waɗannan wurare an ga abin da kuɗi da tsari suke yi: an sayi na'urori, an ba ɗalibai tallafi, har 'yan ƙasashen maƙwabta suka zo karatu. Sai dai kuɗin Bankin Duniya rance ne mai wa'adi, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da aka gwada da kuɗin aro aka ga ya yi kyau, kamata ya yi a ɗora shi a kan kuɗin gida.

Tambayoyin da ke jiran masu bincike kuwa ba sai an je nesa ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma sai da masana suka zo daga ƙetare kafin a tabbatar da abin da yake kashe su. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Wuta-wuta tana nan tana shanye gero da dawa. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna rage ƙarfin faifan sola da muke ta kafawa a kan rufin gidajenmu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa aikin digiri na uku goma, kuma babu jami'ar Turai da za ta sa su a gaba kamar yadda za mu sa su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san akwai masu cewa, ina dalilin biyan ƙato albashi ya yi karatu alhali yara suna zaune a ƙasa a makarantun firamare? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za mu raina ta ba. Amma a tuna cewa malamin firamare a kwalejin ilmi aka horar da shi, malamin kwalejin kuwa a jami'a, shi kuma malamin jami'a digiri na uku ne yake ƙera shi. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 don duba bukatun jami'o'inta, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya tarar cewa daga cikin malamai 37,504 kashi 43 cikin 100 ne kawai suke da digirin digirgir. Tun daga lokacin an yi ta buɗe sababbin jami'o'i. Su wa za su koyar a cikinsu? Idan ruwa ya gurɓace daga tushe, banza ne a tsaya ana tace shi a bakin randa. Sa'an nan ba kuɗin firamare muke cewa a taɓa ba. Harajin ilmi da aka kafa a 1993, bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a ta 1992 a zamanin shugabancin Attahiru Jega, an fara shi ne da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya kai kashi 3 a 2023, kuma a 2011 doka ta keɓe shi ga manyan makarantu. Asusun bincike na ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ya kai naira biliyan 8.5 a 2021. Kuɗi akwai, yadda za a tsara su ne abin magana.

Ga abin da muke kira a yi. Da farko, kuɗin da aka tsimi daga dakatar da tura mutane waje a mai da su gurabun digiri na uku a jami'o'in gida, kuma a buɗe su ga kowane ɗan ƙasa mai sakamako mai kyau. Tallafin TETFund an tsara shi ne domin waɗanda suka riga suka zama malamai a makarantun gwamnati, saboda haka wanda ya fito da daraja ta ɗaya amma bai san kowa ba, da ƙaramin ma'aikacin da ke hukumar ruwa ko ma'aikatar gona, ba su da rabo a ciki. Na biyu, kowane gurbi ya ƙunshi abu uku a rarrabe: kuɗin makaranta, da alawus na wata-wata wanda bai gaza albashin ƙaramin malamin jami'a ba, da kuɗin bincike. A kuma biya a kan kari, domin alawus ɗin da ya zo bayan wata tara ba alawus ba ne, biyan bashi ne. Na uku, duk farfesan da aka ba kuɗin bincike daga asusun ƙasa a wajabta masa ɗaukar ɗalibi a ciki, a buga tallar a jarida da rediyo, a kafa sunayen waɗanda suka yi nasara a allon sanarwa, don kada abin ya zama rabon 'yan gida.

Na huɗu, a yanke wa'adi na shekara huɗu wanda zai hau kan ɗalibi da malami baki ɗaya. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami guda zai duba, a kuma ƙayyade kwanakin da babi zai yi a kan teburinsa. Gwamnati kuma ta san cewa yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022 ba darussa kaɗai suka tsayar ba, sun kashe gwaje-gwajen da ba su tsayuwa. Na biyar, kada a toshe hanyar waje ɗungurungum. A riƙa tura ɗalibi wata shida ko shekara guda wani babban ɗakin gwaje-gwaje a ƙetare, ya koyi abin da babu a nan, ya dawo ya kammala a gida. Ƙasar Birazil ta daɗe tana yin haka, kuɗinsa kaɗan ne, kuma mai digirin da ke jiransa a gida ba ya ɓacewa. Na shida, a yi wa 'yan'uwanmu mata tanadin hutun haihuwa da masauki, domin shekarun wannan karatu su ne shekarun aure da goyo, kuma ƙasar da ta bar rabin basirarta a gida ta cuci kanta. Na bakwai, gwamnatocin jihohi da manyan kamfanonin siminti da taki da sadarwa su ɗauki nauyin gurabu a kan matsalolin da suka dame su, ma'aikatu kuma su ba ma'aikatansu hutun ƙaro ilmi da cikakken albashi, idan sun dawo a ajiye su inda ilminsu zai yi amfani.

Saura namu, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ko gobe aka buɗe gurabu dubu, wanda ya shirya ne zai shiga, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin binciken shekarar ƙarshe da yawancinmu muke ɗauka kamar kaya, har waɗansu su saya ko su kwafo na bara, shi ne tsanin farko. A nan malami yake gane wanda zai rubuta wa takardar shaida da zuciya ɗaya. Mu kula da sakamakonmu tun daga aji ɗaya. Mu koyi lissafin ƙididdiga da sarrafa kwamfuta da rubutu mai tsabta, ko da ba a sa su cikin jarrabawa ba. Mu kuma san ƙofofin da ake da su: Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, watau PTDF, wanda aka kafa tun 1973, sukolashif na ƙasashe renon Ingila, na hukumar DAAD ta Jamus, wadda takan ba da tallafin karatu har a cikin Afirka, da na cibiyar TWAS da Abdus Salam ya kafa a 1983, tare da ƙungiyar OWSD mai tallafa wa mata masana kimiyya. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta keɓe allo guda da shafi guda a wannan mujalla domin irin waɗannan sanarwoyi, ta kuma riƙa gayyato waɗanda suka taɓa samu su koya wa na baya yadda ake rubuta takardar nema.

Wanda kuma Allah Ya ba shi, a gida ko a waje, ya tuna cewa kuɗin da aka kashe masa da an iya gina rijiya ko ɗakin shan magani da su a wani ƙauye. Mutanen wannan ƙauye ba su san sunansa ba, amma suna bin sa bashi, kuma ba da laƙabin Dakta a gaban suna ake biyan irin wannan bashi ba. Ana biyan sa ne da irin shuka mai jure fari, da ruwan sha marar guba, da ɗalibai na ƙwarai da zai horar su gaje shi.

Muna fata Majalisar Dattawan jami'a da hukumomin da abin ya shafa za su dubi wannan kira da idon basira, mu kuma ɗalibai mu ɗauke shi zuwa taron ƙungiyarmu na gaba. Allah Ya sa mu dace.